Wa Ke Sa Ido Kan Lakwal? Daga Dokar 1998 Zuwa Kelle

Nijar ta kusa shekara 38 da samun mulkin kai kafin ta yi dokar da ta tattara harkar karatun boko wuri guda. Ita ce doka mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, zamanin Ibrahim Bare Mainasara, wadda malamai ke kira LOSEN. Ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, sannan ta raba nauyin kuɗinsa tsakanin gwamnati, ƙananan hukumomi da iyaye. Wannan rabon ne ya haifi yawancin abin da ya biyo baya.

Baitulmali ba kuɗi, yara kuwa sai ƙaruwa suke. Sai aka koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi, masu ɗan ƙaramin albashi, da yawansu ba su taɓa zama makarantar horon malamai ba. Shirin shekara goma na PDDE da ya soma a 2003 ya cika karkara da makarantu, har ƴan kwantaragi suka fi cikakkun ma'aikata yawa nesa ba kusa ba.

To, wa zai duba ko malami na zuwa aji? A gunduma irin Gure, inda rairayi ke cinye hanya kuma makiyaya ke tashi da yaransu in kiwo ya ƙare, sufeto ba ya iya zagaye ko'ina. Amsar da aka bayar ita ce COGES, kwamitin iyaye da malamai, wanda shirin hukumar JICA ta Japan ya raina a Tawa tun 2004 kafin ya iso Damagaram ya game ƙasa. Kwamitocin sun yi aiki, gaskiya: sun kafa rumfunan zana, sun bi gida-gida neman ɗalibai. Amma ikon ɗaukar malami ko sallamarsa bai taɓa zuwa hannunsu ba.

Binciken PASEC na 2014, mai auna karatun ɗalibai, ya tona asiri. Cikin ƙasashe goma Nijar ce kurar baya, kuma cikin yara goma masu gama firamare da ƙyar ɗaya ke karatu yadda ya kamata. A 2017 ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthe ya zaunar da ƴan kwantaragi jarrabawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka kai maki, aka sallami dubbai, ƙungiyoyin malamai suka tada jijiyar wuya. A ganina suna da hujja ta wani gefe: wanda ya ɗauke su ba horo, yake kuma jinkirta musu albashi, shi ba wanda ya jarraba shi.

Shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, wanda ya tashi a Tesker, ya juya akala zuwa karatun mata, ya buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle, cikin gundumar Gure, a 2021, da niyyar yaɗa irinta ko'ina. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya riske shi shirin bai yi nisa ba. A 2025 kundin sabuwar gwamnati ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. A Gure, inda Kanuri da Tubanci da Fulatanci ke cika aji tare da Hausa, wannan sauyin zai buƙaci sababbin littattafai da sabon horon malamai.