Birin Da Sunansa Ke Kan Takardar Jininka



Duk wanda ya yi gwajin jini kafin aure ya ga an rubuta masa O+ ko A-. To wannan alamar ƙari ko ragi sunanta Rh, kuma daga sunan wani biri na ƙasar Indiya aka samo ta, wanda ake kira risos. A 1940 ne Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka wallafa bincikensu a Amurka, bayan sun yi wa zomaye allurar jinin wannan biri. Ilimin da ya biyo baya shi ke ceton jariran matan da jininsu ke da alamar ragi.

Ba nan kaɗai ba. A shekarun 1950, dubun dubatar birai aka riƙa kwasowa daga Indiya, ana amfani da ƙodarsu wajen haɗa rigakafin shan inna. Sai a 1978 Indiya ta hana fitar da su, bayan an samu labarin sojojin Amurka na gwada tururin nukiliya a jikinsu.

Amma ga inda nake so mu tsaya. Kafin mai bincike ya ce magani ya canza jinin biri, dole ya san yadda jinin lafiyayyen biri yake. To ta yaya ake ɗibar jinin? A da, kamo shi ake yi da ƙarfi, a danne shi, yana ihu. Shi kuma tsoro ba ya barin jini yadda yake. Saifa takan matse ta tura jajayen ƙwayoyi cikin jijiya, fararen ƙwayoyi su ƙaru, sukari ya hau, sinadarin kotisol ya tashi. Ka ga kenan abin da aka rubuta a matsayin "daidai" jinin firgitaccen biri ne. Ko da aka koma sa su barci da allurar ketamin, ita ma tana taɓa wasu alƙaluman.

A farkon shekarun 1990, wani likitan dabbobi a Wiskonsin, Viktor Reinhardt, ya nuna ana iya koya wa birin ya miƙo ƙafarsa da kansa a cikin kejinsa, a ba shi ɗan abin ci. Waɗanda aka ɗebi jininsu ta haka, kotisol ɗinsu bai tashi kamar na waɗanda aka danne ba.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, muguntar da aka yi wa dabbar ba ita kaɗai ta cutar ba, har sakamakon binciken ta gurɓata, kuma da wannan sakamakon ake auna maganin da ni da kai za mu sha. Ɗaliban kimiyya da ke tare da mu, duk adadin da kuka gani a littafi, ku tambaya: a wane hali aka ɗebi jinin?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya.