Sana'ar Rushe Gini a Kano: Daga Diga Zuwa Katafila

Rushe gini bai zama sana'a mai zaman kanta a Kano ba sai da siminti ya shigo. A zamanin ginin ƙasa, maginin da zai tayar da sabon ɗaki shi ne mai sauke tsohon, shi da yaransa. Daga sama ake farawa: a kankare daɓen rufi, a zare azara ɗaya bayan ɗaya, sannan a bi bango da diga. Ba a zubar da komai. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, takan shiga gida na biyu har na uku. Ƙasar tsohon bango kuwa a jiƙa ta, a cuɗa da ciyawa, ta sake zama tubali.

Siminti ya sauya lissafin. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka cika gari da bulo da benaye. Kankare ba ya komawa ƙasa, ba ya kuma jin diga. Sai aka sami leburori na musamman masu babbar guduma da zarton ƙarfe, magina suka sakar musu wannan ɓangaren.

Ribarsu ba a kuɗin aiki take ba, tana cikin rodi. Da zarar an fasa rufin kankare, yara su zauna suna dukan dunƙulen har rodin ya fita tas, a miƙe wanda zai miƙu, sauran a kai wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Kwano, katako, ƙofofi da tagogi duk suna da kasuwa. Shi ya sa a wani cinikin mai rushewar ne yake biyan mai gida. Ɓaraguzai kuma tifa take kwashewa zuwa ciko, sau da yawa a kududdufan da tun asali haƙar ƙasar gini ce ta samar da su.

Katafila da eskabeta sun yi suna ne ta hannun gwamnati. Rusau na Abuja lokacin da Nasir El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, da na Kano a 2023, sun sa mutane da yawa suna ɗaukar rushewa aikin inji ne kawai. A cikin ganuwar Kano abin ba haka yake ba. Lungun da Keke Napep yake wucewa da ƙyar, katafila ba ta shigarsa, kuma katanga ɗaya takan zama ta gida biyu.

A nan ake gane gwani. Kafin ya faɗi farashi sai ya zagaya gidan, ya tambayi inda rijiya da shadda suke, ya duba bangon maƙwabci, ya sa a cire wayar lantarki. Idan akwai tsohon silin asbestos, jiƙa shi ake yi a sauke shi lafiyayye, domin ƙurarsa tana lalata huhu. Bene kuwa yana buƙatar injiniya mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi da aka kafa a 1970, tare da izinin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA. Yarjejeniya a rubuce take, galibi a gaban mai unguwa: wa yake da rodi da kwano, wa zai kwashe ɓaraguzai, wa zai biya idan bangon maƙwabci ya tsage ko lebura ya ji rauni.

Wanda ya karya farashi ƙasa warwas, galibi idonsa a kan rodi yake. Irinsa ne yake sa yara su sari ginshiƙi daga ƙasa don a gama da wuri, alhali rufin kankaren yana nan a kansu.