Ƙishirwa Da Bege A Waƙoƙinmu Na Soyayya

Duk wanda yake halartar zaman karatun waƙoƙi na ƙungiyarmu ya san da wuya a tashi ba a ji wani matashi ya ce ƙishirwar masoyiyarsa ta dame shi ba, ko kuma zuciyarsa ta ƙeƙashe tana jiran yayyafi. Mukan yi tafi mu wuce. To amma daga ina wannan salo ya faro, kuma me ya rage a cikinsa yau? Abin da za mu waiwaya ke nan a wannan fitowa.

Mu fara da kalmar bege. A ƙarni na 19, zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, rubutacciyar waƙa ta wa'azi ce da ilmantarwa da madahu. Malamai sun tashi da Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri, saboda haka idan sha'iri ya ce yana bege, Annabi (SAW) yake nufi. Madina ce garin da ake kewa, Zamzam da Alkausara su ne ruwan da ake ƙishirwa. A kan wannan turba Aliyu Namangi na Zariya ya bi a Waƙoƙin Imfiraji. Son mace kuwa, kunya da matsayin malanta sun hana a ɗora shi a takarda.

Wannan bai hana shi fita ta bakin mata ba. A dandali wajen gaɗa, da bakin turmi, da gaban dutsen niƙa, budurwa da matar aure sun daɗe suna faɗin abin da ke ransu a sakaye. Wadda ba ta iya ambaton sunan mijinta dole ta ari hadari da rijiya da inuwa su yi magana a madadinta. Aron kuma ba na banza ba ne. Damina a ƙasarmu wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara jira ne. Bayan kaka ake yawan ɗaurin aure, domin daga rumbu sadaki da lefe da gara suke fitowa. In ruwa ya ɗauke a watan da gero ke fitar da kai, to har da bikin wani ya ɗauke.

Kakanninmu sun ga haka da idonsu, har suka raɗa wa shekarun wahala suna: Kakalaba a 1914, da 'Yar Buhu a 1927, da 'Yar Gusau a 1942, da Muɗa a 1954. Sai kuma babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi daga Nijar har Arewacin Nijeriya, na 1984 ya biyo baya. Tafkin Chadi ya ja baya ya bar kwale-kwale a kan busasshen laka. Samarin da suka saba tafiya cin rani su komo da saukar ruwan fari, da yawa suka zarce a Kano da Kaduna da Legas. Baiko ya warware, an mayar da kayan toshi, wasu matan suka shekara suna duban hanya. Ga mutanen wancan lokaci, fari da rabuwa abu guda ne.

A tsakanin waɗannan farurruka biyu ne soyayya ta samu shiga ɗab'i sosai. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid. A 1982 kuma Bello Sa'id ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Dausayin Soyayya. A dubi sunan da kyau. Dausayi shi ne wurin da ya rage da danshi da kore bayan ko'ina ya bushe, kuma wanda ya sha rani ne ya san darajarsa. Kalmomin begen Annabi da na manomi mai jiran ruwa suka haɗu a bakin masoyi. Daga nan littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, suka shiga cusa baitoci a wasiƙun taurarinsu. Waƙoƙin fim suka karɓa, har aka zo zamanin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, da matasan da ke sa baitocinsu a Facebook.

A nan ne damuwarmu take. A yawancin waƙoƙin da ake aiko mana, ƙishirwar ta zama ado kawai, an gaje ta kamar tsohuwar riga. Wasu ma sun yar da ita sun koma kwatanta masoyiya da ƙanƙarar da ba su taɓa gani ba. Waƙar fari kuwa an bar ta ga wa'azi, ana cewa zunubanmu ne suka hana ruwa. Maƙwabtanmu Abzinawa, waɗanda farin nan ya kora har suka zo garuruwanmu suna gadi, sun ɗauki wata hanya. Mawaƙansu, irin su Tinariwen, sun haɗa kewar gida da ta masoyi da asarar raƙuma a waƙa guda, duniya kuma ta saurare su.

Mu ma muna da abin faɗa, domin hamada ba ta daina matsowa ba, samari ba su daina barin ƙauye ba. Shawararmu ga masu tasowa ita ce, kafin ku sake rubuta ƙishirwa, ku je ku zauna da dattijuwar da aka ɗaga bikinta a 1973. Ku tambaye ta abin da aka ci a gidansu a shekarar, da nisan rijiyar da take zuwa, da ranar da ta daina jira. Da tsohuwar zuma ake magani, amma masu wannan labari suna ƙarewa, kuma in suka tafi ba mu rubuta ba, laifin namu ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.