Kujerar Thonet: Daga Gidan Gahawa Zuwa Gidan Tarihi

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma akwai sana'ar da kan bar gidan da aka haife ta, ta zagaya duniya, har a wayi gari da wuya a rarrabe 'ya'yanta na halak da na riƙo. A wannan maƙala za mu dubi tarihin kujerun iyalin Thonet, da dalilin da ya sa masu tara tsofaffin kayan ɗaki ke shan wahala wajen tantance na ainihi.

An haifi Michael Thonet a garin Boppard na ƙasar Jamus a shekarar 1796. Kafinta ne da ya duƙufa wajen neman hanyar lanƙwasa katako a maimakon sassaƙa shi. A 1842 ya koma birnin Biyana na Ostiriya bisa gayyatar Yarima Metternich, a 1853 kuma ya danƙa sana'ar ga 'ya'yansa maza biyar, aka sa wa kamfanin suna Gebrüder Thonet, wato 'Yan'uwa Thonet. Dabararsu ita ce a turara sandar katako har ta yi laushi, a ɗaure ta a jikin ƙarfe mai siffar da ake so, a bar ta ta bushe a haka.

A 1859 suka fito da kujera mai lamba 14. Guntayen katako 6 ne kacal, da sukurori 10 da noti 2. Idan aka kwance ta, guda 36 kan shiga akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya-ɗaya ne. Saboda araha da rashin nauyi ta cika gidajen shan gahawa, har aka ƙiyasta cewa zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50.

To, a nan gizo ke saƙar. A 1869 kariyar da doka ta ba wannan dabara ta ƙare, sai kamfanoni irin su Jacob da Josef Kohn suka shiga ƙera makamantanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, gwamnatin Cekoslobakiya ta ƙwace masana'antun iyalin da ke ƙasarta. Ta garin Bystřice ta ci gaba da aiki da sunan TON daga 1953, iyalin kuwa suka sake gina tasu ta Frankenberg a Jamus. Ke nan siffa ɗaya, masu ƙira da yawa.

Don haka mai tara irin waɗannan kujeru ba ya wadatuwa da kyan gani. Sai ya kifa kujerar, ya duba cikin zoben mazauninta, inda ake buga sunan kamfani a jikin katako ko a liƙa takardarsa. Sau da yawa mai gyara, da kyakkyawar niyya, kan goge wannan shaida ya shafa sabon fenti, darajar kujerar ta zube, tarihinta ya bi ta.

A taƙaice, mun ga yadda kujerar da aka ƙera domin talaka ta zama abin ajiya a gidajen tarihi na Biyana da New York. Wanda ya sayi tsohon abu bai san asalinsa ba, katako kawai ya saya.