Daga Tiga zuwa Gidan Makama: Ina rabonmu a tarihin Kano?



Zan fara da tambaya. Mu mutanen Tiga da Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, sau nawa muke shiga birnin Kano a shekara? Wani ba ya mako guda bai shiga ba. Mu je Kantin Kwari sayen atamfa, mu je Singa sarin kayan masarufi, mu je asibiti duba mara lafiya, mu kai amarya, mu je ta'aziyya. To a cikinmu mutum nawa ne ya taɓa ware awa biyu ya shiga Gidan Makama? Ni kaina na daɗe ina wucewa ta gaban gidan ban taɓa leƙawa ba. Ranar da na shiga na fito da abin da ya hana ni sukuni, shi ne nake so mu tattauna a kai yau.

Ga wanda bai san wurin ba, Gidan Makama yana cikin birni, daura da fadar Sarki ta ɓangaren Ƙofar Kudu. An gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon sarauta a 1463 sai ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, wadda sarakunan Kano suke zaune a cikinta har yau, ya yi mulki zuwa 1499. A zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwa, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano. Da Turawa suka ci garin a 1903 sun ɗan yi amfani da gidan a matsayin ofis. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama gidan Makama, wani kuma aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da shi.

Ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Ka ɗaga kai a zaure ka ga yadda magina suka ɗaura bakan gizo da azara da ƙasa, babu siminti babu rodi. Ka taɓa bango ka ji kaurinsa, ka lura da sanyin ɗakin ko da rana ta take. Daga nan sai ka bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya: taswirar ganuwa da ƙofofinta, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, jerin sarakuna tun daga Bagauda, kayan yaƙi irin su sulke da takubba da garkuwa, kayan sana'o'i, kayan kiɗa, da ɗakin amaryar Bahaushe da jerenta. Akwai hotunan zamanin zuwan Turawa, akwai bayanin yaƙin basasar da aka yi tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Gani ya kori ji.

Idan ka fito da sauran lokaci, ka ƙarasa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Nan ne gidan Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a ƙasar Suwizalan, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909. Saboda yadda ya iya Hausa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Yanzu gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano. Ka haɗa da marinar Ƙofar Mata da hawa Dutsen Dala, ka ga yini guda ya cika.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Gidan tarihin birni labarin birni yake bayarwa, kuma wannan shi ne aikinsa, ba laifi ba ne. Amma wanda ya zo daga kudancin Kano, idan bai zo da nasa sanin ba, zai iya fita yana zaton tarihi a cikin ganuwa ya faru, mu kuwa na karkara gero da dawa kawai muka noma muka aika. Bari mu ɗauki abubuwa huɗu mu gani ko haka ne.

Na farko, yaƙin 1903. Kowane ɗan makaranta ya san Turawa sun shiga Kano ta Ƙofar Kabuga ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu Babba ya tafi Sakkwato, kuma Sarkin Shanu Muhammadu ya tsaya a fada har aka kashe shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda aka fara zubar da jini. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu da sojoji sama da 700, yawancinsu baƙaƙen fata ne, da igwa 4 da bindigogi masu jigida 4. Garin farko na ƙasar Kano da ya rufe ƙofa ya ce ba a wucewa shi ne Bebeji. Aka saita igwa a ƙofar garin aka fasa ta, Sarkin Bebeji ya rasu a wurin tare da jama'arsa da dama. Labarin abin da igwa ta yi wa Bebeji shi ya riga rundunar gaba, garuruwan da ke kan hanya suka watse ba tare da faɗa ba. Saboda haka duk ɗan Bebeji da ya tsaya a gaban kayan yaƙin 1903 a Gidan Makama, ya sani da kakanninsa aka buɗe wannan babi. Kuma Bebeji ba ƙaramin gari ba ne a wancan zamani. Tun a 1826 Baturen nan matafiyi Clapperton ya bi ta cikinsa a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya rubuta cewa babban gari ne mai ganuwa, cike da jama'a da fatake.

Na biyu, tsaron iyaka. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 babu abin da ya dami masarautar Kano kamar harin Ningawa. Daga duwatsun Ningi suke tasowa su auka wa garuruwan kudu da kudu maso gabas, su kwashi mutane da dabbobi. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su. Su wa ke kwana da shirin yaƙi a lokacin? Mutanen garuruwan iyaka irin su Tudun Wada da Rano da maƙwabtansu. Ɗan kasuwar Kurmi ya yi barci da daɗi ne saboda wani a kudu bai runtsa ba. Idan ka ga sulke da kwari da baka a rataye a gidan tarihi, ka tuna a wace ƙasa aka fi amfani da su.

Na uku, kuzar Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Tun kafin Bature ya san akwai kuza a ƙasar nan, mutanen Riruwai suna wanke ta a rafi, suna narka ta, suna zuba ta ta fito siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni masu nisa. Maƙeran farfaru na birni da ita suke aiki. Irin waɗannan tsinkayen kuza da Turawan kamfani suka gani a hannun 'yan kasuwa su ne suka sa suka bi sawu har suka gano arzikin kuzar da ke tsaunukan Jos. Kayan adon da muke yabawa a cikin gilashi sunan birni suke ɗauke da shi, amma wani ɓangare na ƙarfen daga duwatsunmu ya fito.

Na huɗu, kuma shi ya fi kusa da mu, dam ɗin Tiga. An gina shi a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma yana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Kogin yana gangarowa ne daga tsaunukan yankin Riruwai, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a Tiga. Daga nan ruwan ke bin babbar hanyar ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina, kuma shi ne yake taimaka wa birni da ruwan sha. Wannan alheri ne, babu mai musu. Amma kafin ruwa ya kwanta a wurin, akwai ƙauyuka, akwai gonaki, akwai masallatai da maƙabartu da rijiyoyi da kukoki masu suna. An tashi mutane aka sake musu matsuguni. Yau shekara hamsin ke nan da ɗoriya. Wanda yake saurayi ɗan shekara 20 lokacin da aka tashe su, yanzu ya haura 70. Su ne kaɗai suka san ina kasuwa take, ina gidan mai unguwa yake, wace fadama ce ta fi ba da rake. Duk dattijon da muka kai makwanci ba mu ɗauki bayaninsa ba, wani yanki na taswirar ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa ya tafi ke nan, kuma babu gidan tarihin da zai iya dawo da shi.

Kada wani ya ce ai ƙauye ba shi da abin da zai ajiye. Manyan kayan da gidajen tarihin birane suke taƙama da su yawanci daga ƙauye aka tono su. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928 a wani ƙaramin ƙauye da ke kudancin Kaduna ta yanzu, kuma su ne ginshiƙin gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. A Durɓi ta Kusheyi, ƙauye a yankin Mani ta jihar Katsina, an tona kaburburan tsofaffin sarakuna a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu tasoshin tagulla da kayan hauren giwa da zinariya da wuri, har da abin da ya fito daga ƙasashen Larabawa. Kuma mun ga yadda kayan tarihi ke da wuyar dawowa idan suka bar gida. Kayan fadar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara mayar da waɗanda suka faɗa hannunta, wasu kuwa har yanzu suna Landan. Mu namu ba soja ne ke kwashewa ba. 'Yan gwangwan ne ke saye a kilo, gara ce ke cinye takardu, mu da kanmu ne ke rushe tsohon soro mu zubar da azararsa.

To me za mu yi? Ga shawarata, kuma ba ta buƙatar kuɗi mai yawa.

Duk wanda zai shiga birni, ya ware lokaci ya je Gidan Makama, ya tafi da yaransa, mata da maza. Malaman makarantunmu na firamare da sakandare da Islamiyya su shirya wa ɗalibai ziyara ko sau ɗaya a shekara. Amma kafin a hau mota, a fara ba yaran labarin Bebeji da Ningawa da Riruwai da Tiga, domin su shiga a matsayin masu gado a cikin abin da suke kallo. Idan mai yi muku bayani ya zo kan 1903, ku yi masa tambaya cikin ladabi a kan Bebeji. Tambayar maziyarta tana daga cikin abin da ke sa gidan tarihi ya faɗaɗa bayaninsa.

Sannan kowa ya duba gidansu. Tsohon takobi, allon kaka, kwalliyar doki, tasa, takardar haraji, rasidin diyyar da aka biya lokacin tashin dam, hoton bikin da aka ɗauka a tsohon gari. Kada a sayar, kada a bar wa gara. A ɗauki hotonsa, a rubuta na wane ne, daga wane gari, wa ya ba da labarinsa. Wayar da ke hannunmu ta isa ta naɗi muryar dattijo na awa guda. A tambaye shi sunan ƙauyensu na asali, unguwanninsa, ranar kasuwarsa, da yadda aka yi ranar tashi. A tambayi iyayenmu mata su ma, domin su suka fi riƙe sunayen mutane da dangantaka. Idan abin ya taru, sai a nemi iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, a samu ko ɗaki guda ne a ajiye kwafi.

Ni zan fara da na gidanmu a wannan mako in Allah ya yarda. Wanda iyayensa ko kakanninsa suke cikin waɗanda aka tasa saboda dam, ya taimaka ya faɗa mana sunan tsohon garinsu, mu fara haɗa jerin sunayen tun masu gyara mana kuskure suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Sai mako mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu.