Abincin dare mai rahusa a Samaru da Sabon Garin Zariya

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin kayan abinci ya yi tashin gwauron zabo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Nama na daga cikin abubuwan da suka fi ƙarfin iyalai da dama, musamman a unguwanni irin su Samaru da Sabon Gari, inda ɗalibai da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa ke da yawa.

Unguwannin biyu

Sabon Gari dai ya samo asali ne a farkon ƙarni na 20, bayan isowar jirgin ƙasa Zariya, lokacin da baƙi daga kudancin ƙasar suka zauna a wajen ganuwar birni. Ita kuwa Samaru, a nan ne mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello yake, wadda aka kafa a 1962.

Saboda wannan cakuɗuwa, cimar mazauna ta bambanta. Wasu daga cikin waɗanda ba Musulmi ba kan ci naman alade, wanda Musulunci ya haramta. A gidajen Musulmi kuwa, idan aka ce nama mai araha, ana nufin kayan ciki, ko ganda, ko ƙashi, ko kuma busasshen kifi.

Fate

Abincin da aka fi danganta Zazzagawa da shi shi ne fate, har ma abokan wasa kan tsokane su a kansa. Ana yin sa ne da tsakin masara, kuma tukunya guda kan ciyar da gida baki ɗaya.

Da farko akan dafa ƙashi ko kayan ciki da albasa, a zuba jajjagen tumatir da attaruhu, da manja, da daddawa. Idan za a sa wake, shi ake fara sakawa har ya yi laushi. Daga nan sai a zuba tsakin da aka wanke, ana juyawa don kada ya kama. A ƙarshe a sa dakakkiyar gyaɗa, da alayyahu, da yakuwa, wadda ke ba shi ɗan tsami.

Aikin nama a irin wannan girki shi ne ba da ɗanɗano. Abin da ke gina jiki yana fitowa ne daga wake da gyaɗa.

Abin haɗawa

Kwaɗon zogale ko na rama, wanda ake haɗawa da garin ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ba ya bukatar wuta mai yawa. Haka ma awara, wadda ake samu ta hanyar niƙa waken soya, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, sannan a matse a soya.

A ranar da ba a yi fate ba, garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ko tuwon masara da miyar kuka, kan maye gurbinsa.

Me masana ke cewa?

Masana abinci sun bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, yayin da na waken soya ya haura kashi ɗaya cikin uku. Haɗa hatsi da wake a kwano guda yana da amfani, domin kowanne na cike giɓin abin da ɗayan ya rasa.

A Samaru ɗin ne kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar take, wadda tarihinta ya faro tun 1922. Ita ce ta samar da ire-iren masara masu suna SAMMAZ, da na wake masu suna SAMPEA, ciki har da SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsa, wanda aka amince a fara nomawa a 2019.

To sai dai kuma masanan na jan hankalin cewa ƙananan yara da mata masu juna biyu na bukatar ƙwai ko kifi, ko da kaɗan ne, domin akwai sinadaran da jiki ya fi samu daga abincin da ya fito daga dabba.