Samosa: Daga Fadar Delhi Zuwa Tashar Yelwa

Idan ka taɓa tsayawa a tashar mota ta Yelwa-Yauri da yammacin azumi, ƙila ka sayi samosa daga bokitin roba, ka ɗauka abincin Indiyawa ne. To, Indiya ma baƙuwa ta je mata.

Asalin sunan Farisanci ne. Tun a ƙarni na 10, littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ na Bagadaza ya kawo yadda ake yin ta da sunan sanbusaj. Daga nan ta bi fatake da masu dafa wa sarakuna abinci zuwa Indiya. Ibn Battuta, wanda ya isa Delhi a 1334, ya gan ta a fadar Sarki Muhammad bin Tughluƙ, an cusa mata niƙaƙƙen nama da albasa da 'ya'yan itatuwa irin su almon. Ka lura, babu dankalin turawa a ciki. Shi ɗan Kudancin Amurka ne, sai bayan 1492 ya tsallako teku, daga baya Turawa suka kai shi Indiya. Abin sha'awa, wannan matafiyin ya shiga kwalekwale a 1353 daga Tumbuktu zuwa Gao, a kan kogin nan da ke wucewa ta Yauri.

Me ya sa ta iya tafiya haka? Sirrin yana cikin suya. Man da ya yi zafi yakan kai digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salsiyos, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Wannan kumfar da kake gani a kasko, ruwan ƙullun ne ke fita a matsayin tururi. Ɓawon ya bushe ya zama mazubi: ba kwano, ba cokali, sai ka riƙe a hannu.

Amma kada ɓawon ya yaudare ka. Cikin yana nan da danshi, kuma ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Samosar da aka soya da hantsi, ta wuni cikin rufaffen bokiti a zafin Afrilu, ai ka san sauran. Tambayi mai talla yaushe aka soya, ba rashin kunya ba ne.

Duk ƙasar da samosa ta sauka, abin da ta tarar shi take ɗauka. Yauri gidan albasa ce, ga kifin tafkin Kainji da ya samu tun da aka kammala madatsar a 1968. Saboda haka idan mai suya ta cusa maka kifi maimakon nama, kada ka ce ta ɓata asali. Abin da masu girkin Delhi suka yi da dankali ke nan.